Ranar da Baffa Ya Dafa Ƙirji

Na Allah ne mu, wurinSa za mu koma, Baffa kuwa ya riga mu kama hanya. Ya cika da hantsi a gidansa na Jambutu, a tsakiyar bazara, lokacin da Binuwai ke janyewa ta bar yashi fari fat, mangwaro kuma ya cika Garwa har awaki suna raina shi. Yayan mahaifina ne. Shi ya riƙe mu, ni da Innata, tun ina 'yar firamare.

Kwanakin zaman makoki na yi su a ɗakin Hajiya, matarsa, inda taga ke kallon rumfar da aka kafa wa maza. Zafi ya kwantar da kowa, muryoyi suna shigowa a hankali, Hausa da Fillanci da Faransanci a cakuɗe. 'Yan layin atamfa sun zo, abokan kasuwancinsa. Fulanin unguwa suna ta "Allah yaafo mo," wato Allah Ya yafe masa. Abin da ya sa na kasa kunne shi ne yadda yabon ya zo iri ɗaya, kamar sun haɗa baki. Wani mahauci ya ce, "Magana ɗaya na taɓa yi a gabansa kan tsadar shanu. Wallahi shekara da shekaru in zai maimaita ta sai ya kama sunana. Ni da na faɗa har na manta." Wani mai kwale-kwale ya ce shi kam Alhaji ne ya sa matarsa ta fara ganin girmansa, ranar da ta ji an ambace shi a rediyo.

Hajiya tana share hawaye tana dariya. Ta ce, "Ku kun ji daɗinsa. Ni da nake gida? In na ce an ce za a yi ruwa, sai ya ce wa ya ce. In ce mata a famfo. Ya ce wacce daga ciki. Mutumin nan ya hana ni gulma tsawon aurena."

Innata kuwa tana gefe da carbinta, idonta a ƙofa. Da ɗaki ya ɗan rage, ta matso ta ce mini a hankali, "Ya tafi da shi." Ban tambaye ta da me ba, don na sani, kuma saboda wannan abin nake rubutun nan.

Baffa yana da wata ɗabi'a da duk wanda ya zauna da shi ya sani. In zai faɗi abin da ya ji daga wani, sai ya kama leɓen kunnensa na dama da yatsu biyu, ya ce, "Wane ya gaya mini, shi kuma daga wane ya ji." Ba ya sakin kunnen sai ya kai ƙarshen jerin mutanen, in akwai matattu a ciki ya yi wa kowannensu addu'a. In kuwa abin da zai faɗa ra'ayinsa ne, sai ya shimfiɗa tafin hannu a ƙirji ya ce, "Wannan nawa ne, in da kuskure ku same ni." Ya ce haka ya ga kakansa na yi, wanda ya zo daga Kano da jakunan fatauci ya zauna bakin kogi. Mu yaran gida mun mai da abin wasa. In ɗayanmu ya yi ƙarya sai a ce masa, "Kama kunne mu ji." Baffa na ji, ya yi kamar bai ji ba.

Shagonsa ƙarami ne, amma akwai inuwa. Atamfofi jere har rufi, warin sabon yadi, rediyo a kan akwati tana magana ita kaɗai. Can yake rubuta wasiƙunsa na ra'ayi zuwa shirin Hausa na rediyo, kan rijiyar da ta ƙafe, kan masu motocin auduga da ke tsere a cikin gari, kan iyayen da ke cire yara daga lakwal, wato makarantar boko, don talla. Da aka shiga shekarun da jaridu suka yi yawa kamar tumatir a kaka, wani saurayi mai 'yar jaridar mako-mako ya ba shi gurbi. Baffa ba ya rubuta Faransanci, ni kuma lokacin ina lise, wato babbar sakandare, sai na zama alƙalaminsa. Yana faɗa da Hausa, ina juyawa.

Rubutunmu na farko ya dawo da jan biro ko'ina. Mai jaridar ya zo da kansa a kan babur, ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, rabin shafi na ba ka. Kai kuma ka zuba mini mutum goma sha kafin ka kai ga maganar. Wane ya ji daga wane, wane ya ji daga surukinsa. Jarida ce wannan, ba ɗaurin aure ba."

Baffa ya yi fushi na kwana biyu, sa'an nan ya sauko. Ya koyi taƙaitawa, amma da sharaɗinsa. In magana ta mutum ce kuma ba za ta cuce shi ba, sai a sa sunansa a cikin jimlar, ya tsaya a tsakiyar rubutu kamar baƙo a tsakar gida. In za ta jawo masa wahala, sai a ce "wani mai sayar da albasa ya shaida mini," Baffa ya sa nasa sunan a ƙasa, da layin shagonsa. Ya ce wanda duk bai yarda ba ya san inda zai same shi, daga safe har la'asar. An zo kuwa. Na ga mutane biyu masu baƙin tabarau sun sha shayinsa sun tafi ba su samu suna ko ɗaya ba.

Akwai kuma wata al'adarsa da Hajiya ta gaji da mita a kai. Kowace shekara, gab da Kirsimeti, wani dattijo Kirista daga duwatsun arewa, mai kawo wake da gyaɗa kasuwa, yakan zo shagon. Ba su doguwar hira. Baffa zai tashi da kansa, ya sauko da farin yadi mai kyau, ya auna, ya yanka, ya naɗe, ya miƙa masa da hannu biyu. Dattijon ya yi godiya da Fillanci, ya ce "usoko," ya tafi. Hajiya takan ce, "Wai shi wannan mutumin asibiti zai buɗe da fararen zannuwa?" Baffa ya ce, "Bar shi, yana da bukata." Ni ma ban taɓa sa abin a raina ba.

Yanzu sai in koma baya, ga abin da Innata take nufi.

Mahaifina direban babbar mota ne, yana jigila tsakanin Garwa da kudu. A shekarar da hayaniya ta tashi a Yawunde aka yi ta kwashe 'yan Arewa, yana can da lodi. Wasu mutane suka ɗauke shi daga masaukinsa, ba wanda ya san inda aka kai shi. Muka jira. Innata ta riƙa fita ƙofar gida duk sa'ad da ta ji hon ɗin babbar mota. Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce. Ni ina mafarkinsa yana tuƙo motarsa a kan gadar Binuwai, gadar tana ta ƙara tsawo, yana ɗago mini hannu, ba ya isowa.

Wata rana bayan azahar Baffa ya shigo sashenmu ya zauna a bakin tabarma. Ya ce wa Innata, "Ki yi haƙuri. Ƙanena ya rasu. Ciwo ne ya kama shi a inda aka tsare shi. An yi masa wanka, an sa masa likkafani, an yi masa salla, an kwantar da shi yana kallon gabas. Ki shiga takaba."

Innata ta ce, "Yaya, wa ya ce?"

Ina tsaye jikin randa ina kallonsa. Na ga hannunsa ya tashi, ya nufi kunne, ya tsaya a hanya. Sai ya sauko ya kwanta a ƙirjinsa. Ya ce, "Ni na ce."

Innata ta yi takaba, domin maganar Baffa ba abin musu ba ce a gidanmu. Amma ba ta sake aure ba, kuma ba ta daina jin hon ba. A gidan da aka san ma'anar kunne da ƙirji, ta ga abin da na gani. Mutuwa ba ra'ayi ba ce. Baffa bai je kudu ba, bai ga gawa ba. In wani ya gaya masa, me ya hana ya kama kunne? In kuwa ba wanda ya gaya masa, ashe tausayi ne ya sa ya ƙaga, don ya sauke ta daga jira. Tsakanin waɗannan biyun Innata ta tsufa.

Na tafi jami'a a Ngaundare na karanta tarihi. Can aka koya mini irin nasu kama kunnen. Duk abin da ka faɗa sai ka sa 'yar lamba a kansa, ka sauka ƙasan shafi ka rubuta madogararka. In littafi ne, wane ne ya rubuta, a wane shafi. In mutum ne ya gaya maka, sunansa, shekarunsa, sana'arsa, garin da kuka zauna. Malamin da ke duba aikina, mutumin kirki mai tsananin tsabtar aiki, yakan zana layi a ƙarƙashin jimla ya rubuta kalma ɗaya a gefe: madogara? Na ƙaunaci wannan tsari, har yau ina ƙaunarsa. Na ji kamar na tarar da Baffa a cikin littattafai, an sa masa kwat.

Da na kawo wa Baffa wani babi ya gani, ya juya shi, ya nuna ƙananan rubutun ƙasan shafin da farcensa. Na bayyana masa. Ya yi murmushi ya ce, "Takalma ne a ƙofar masallaci. Ka duba ka san su wa ke ciki." Abin ya burge shi ƙwarai, har ya kira maƙwabcinsa ya nuna masa.

Memuwar ɗina, wato kundin kammala karatu, kan direbobin Garwa ne da hanyar kudu. Ban ɓoye wa kaina dalili ba. Na rubuta sakin layi ɗaya kan waɗanda suka tafi a waccan shekarar ba su dawo ba, na sa labarin mahaifina kamar yadda Baffa ya faɗa. Sakin layin ya dawo daga wurin malamin da layi a ƙarƙashinsa da kalmar nan a gefe. Malamin ya ce, "Baffanki ganau ne?" Na ce a'a. Ya ce, "To daga wa ya ji? In babu, ki cire. Wannan aikin bincike ne. Wanda zai karanta bayan mun mutu yana bukatar hanyar da zai bi ya tabbatar." Gaskiya ya faɗa, ban taɓa ganin laifinsa ba.

Na hau mota na zo Garwa da zafina. Na sami Baffa a bakin kogi da la'asar, inda yakan je ya zauna kan wani dutse yana kallon dorina. Ruwa ya yi laushi, hasken rana na kwance a kansa, mata na wanki can nesa, sautin dukan kaya yana isowa bayan hannu ya riga ya sauka. Kan dorina ɗaya ya fito, ya huro ruwa, ya nutse.

Na ce, "Baffa, suna ɗaya nake so. Kai ka koya mana cewa magana ba ta yawo ba mai ita. Mahauci ka ba shi haƙƙinsa, mai kwale-kwale ka ba shi. Mahaifina fa?"

Ya ce, "Zauna, malama."

Ban zauna ba. Na ce, "In babu kowa, ka faɗa. Inna ta cancanci ta sani."

Ya ɗauke ido daga ruwa. Sa'an nan ya ce, "Aikinku da nawa ba ɗaya ba ne, ko da yake uwarsu ɗaya. Ke kina tura mutanenki gaba, ki tsaya a bayansu, kowa ya gan su ya auna su. Haka ya kamata, don ke kina rubuta wa waɗanda ba a haifa ba. Ni ina rubuta wa mutanen da za su kwana a garin nan yau. Wani lokaci sai in tsaya a gaba in tare mutanena da jikina."

Na ce, "Da haka kowane maƙaryaci ke fakewa. Wata majiya ta ce, wani na kusa ya shaida mini."

Ya ce, "Haka ne. Shi ya sa mai irin aikina sai ya zama yana da shago, yana da fuska, ya shekara arba'in ba a kama shi da ƙarya ba. Abin da na tara ke nan, 'yata. Ranar nan na kashe shi duka a kan uwarki, bai kuma ishe ta ba. Na sani."

A nan ya juya fuska. Na cire sakin layin daga kundina. Na ci jarrabawa da yabo, na dawo ina koyar da tarihi a lise, ina zana wa yaran mutane layi a ƙarƙashin jimla. Ni da Baffa muka ci gaba da gaisawa da raha, yana kirana "madogara" in yana son tsokana, ina kiransa "majiya mai tushe." Amma akwai wuri ɗaya a tsakaninmu da ba mu ƙara takawa ba. Na so shi so mai yawa, na kuma ji haushinsa, su biyun suka zauna tare a zuciyata ba su kori juna ba. Ko a ciwonsa na ƙarshe, da na zauna kusa da shi ina masa fifita, na sa ran zai kama kunne. Ya yi ta ambaton Allah har ya cika.

Ran addu'ar bakwai, bayan jama'a sun watse da la'asar, aka ce mini wani tsoho na sallama da ni a waje. Na same shi tsugune a gindin darbejiya, hularsa a hannu. Dattijon farin yadi ne, ya rame, gashinsa ya yi fari tas.

Muka gaisa, ya yi mini ta'aziyya. Sai ya ce, "'Yata, Alhaji ya taɓa gaya miki wani abu a kaina?"

Na ce, "A'a, Baba."

"Ko da zai mutu?"

"Ko da zai mutu."

Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago ya ce, "To ni zan faɗa, don na gaji da ɗauka ni kaɗai. A waccan shekarar ina kudu, ina dafa abinci a wurin da aka tsare su. Na san babanki tun a nan, shi yake ɗaukar mini wake ba ya tsawwala mini. Da na gan shi a ciki na yi kamar ban san shi ba, shi ma haka. Zazzaɓi ya kama shi, ina kai masa kunu a ɓoye. Da ya mutu da safe, na roƙi mai gadi ya bar Musulmi uku daga cikinsu su wanke shi. Babu farin ƙyalle. Na je ɗakina na cire zanen gadona, sabo ne, matata ta ba ni da zan taho. Da shi aka naɗe shi. Ni ban iya sallarku ba, na tsaya a baya na yi tawa. Da aka sa shi a rami na tambaye su ina ne gabas, suka nuna, na gyara masa kai da hannuna."

Bai kama kunne ba, bai dafa ƙirji ba. Ya ɗora yatsa a ƙarƙashin idonsa ya ce, "Da wannan na gani."

Iska ta motsa darbejiya, 'yan furanninta suka zubo mana a ka. Na ji kamar motar nan ta mafarkina ta ƙarasa gadar a ƙarshe, ta tsaya, an kashe inji. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ina yarinya.

Da na share hawaye, malamar tarihin da ke cikina ta riga ni magana. Na ce, "Baba, ka yarda in rubuta sunanka? Ka yarda in kai ka wurin Innata?"

Ya kama hannun rigarsa ya murɗa. Ya ce, "'Yata, an sa mu rantsuwa kafin a sallame mu. Waɗanda suka sa mu, wasunsu na nan da ransu da ƙarfinsu. Ɗana yana aikin gwamnati, jikokina na lakwal. Mace in ta ji, 'yar'uwarta za ta ji, ba don mugunta ba. Alhaji kaɗai na gaya wa, shi kuma ya ce mini muddin yana numfashi ba mai jin sunana. Yanzu ba ya numfashi." Ya dube ni. "Shi ya sa na zo in ji ko wa ya gaje shi."

Na raka shi har bakin titi, ya hau babur ɗin haya, na tsaya har ya sha kwana. Kun ga dalilin da ya sa babu sunan kowa a rubutun nan, kuma ba za ku sami ƙananan rubutu a ƙasan shafi ba. Wanda bai yarda ba, ina Jambutu, gidan Baffa, ƙofar da ke kallon darbejiya.

Na koma ciki na tarar da Innata ita kaɗai a ɗaki, ta idar da salla tana zaune kan darduma. Na zauna a bakin tabarma, daidai irin wurin da Baffa ya zauna. Na ce, "Inna, gaskiya ne. Baba ya rasu a waccan shekarar. An ba shi kunu yana ciwo. An wanke shi, an naɗe shi da sabon farin zane, an yi masa salla. An gyara masa kai yana kallon gabas."

Carbin ya tsaya a hannunta. Kunun da sabon zanen ba ta taɓa jin su ba. Ta dube ni da idon nan da ya yi shekara da shekaru yana kallon ƙofa, ta ce, "Wa ya ce?"

Na ji hannuna ya tashi ya nufi kunne. Sunan na kan harshena, da shekarunsa da sana'arsa da garinsu, cikakkiyar madogara irin wadda na nema rabin rayuwata. Sai hannun ya sauko ya kwanta a ƙirjina.

Na ce, "Ni na ce, Inna."

Ta kalli hannun. Can waje wata babbar mota ta wuce tana hon, ba ta waiwaya ba. Ta ce, "Ke da ba kya yarda da kowa sai da takarda." Ta kamo hannuna daga ƙirjina ta riƙe a cinyarta. "Allah Ya jiƙan Yaya. Ashe nauyin da ya ɗauka ke nan."

Allah Ya jiƙanka, Baffa, Ya haskaka makwancinka, Ya haɗa ka da ƙanenka. Kirsimeti na zuwa, na riga na sa an ajiye farin yadi.